Makullan Kawu a Cikin Ƙwarya

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai tattara ya koma. Kawu ya riga mu ranar wata Talata a ƙarshen bazara, tsakanin azahar da la'asar, yana zaune a gindin bishiyar bedin ƙofar gidansa da igiya a hannu, bai gama tufka ta ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma a duk Matameye ba mai kiransa da sunan yanka. Mai Makullai ake ce masa, saboda makullan mutane da yake ɗaure da su a ƙugu, waɗanda ake jin ƙararsu tun kafin a ga mai su.

Tsohon direban nan da ke wuni a tasha tun da idonsa ya mutu, shi ya fara isowa, sanda a gaba. Bai yi wa kowa gaisuwa ba sai da ya yi gardama. Ya ce ƙarya ne, domin ya ji makullai sun wuce ta bayan tasha bayan an sallame la'asar, kuma kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Aka ce masa lokacin ai har an rufe mutum da zane. Sai ya ce to wani ne ya wuce da su.

Tsohon soja ya zo da rigarsa mai maɓallai har wuya a cikin wannan zafi, ya ƙame a bakin zaure ya sara wa makara, bai sauke hannu ba sai da ta sha kwana. Hajiyar kan kwana kuwa, wadda ba biki ba makoki da ke wuce ta, kuma ba tuwon da ya taɓa tsira daga bakinta, ranar aka ajiye mata kwano ta ture shi gefe. Mata suka ce tun da suke ba su taɓa ganin haka ba.

Sai waya ta fara ruri. Daga Kano, daga Ikko, daga Fatakwal, duk inda mazan garinmu suka tafi ci-rani. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya ce to makullina fa. Na farko da na biyu na daure. A na biyar na zazzaga wa mutum rashin mutunci na kashe wayar, don ni dai ban iya ɓoye fushi ba. Daga baya ne na gane cewa ba ɗaki suke tambaya ba. Ba su san yadda za su ce zuciyarsu ta karye ba ne.

Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Tana zaune cikin mata da carbi, tana amsa gaisuwa kamar wadda ta zo taya wasu. Na'ibin liman ne ya yi wa Kawu wanka, mutumin kirki, bai daɗe da zuwa garin daga wajen Yauri ba. Igiyar fatar da ke ƙugun Kawu ta shekara da shekaru tana shan zufa, ƙullinta ya ƙi kwantuwa. Sai ya sa aska ya yanke, ya zazzage makullan cikin ƙwarya, har ya ɗan girgiza su don ƙasa ta fita, ya miƙo cikin gida. Wannan ƙarar ce Inna ta ji ta saki carbi. Ta ɗora hannu a ka ta fashe da kukan da ya sa matan da ke ba ta haƙuri su ma suka kama.

Na'ibi bai san abin da ya yi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kawu bai yi lekol ba, wato boko, allo ma bai yi nisa ba. Ba suna ko alama a jikin makulli ko ɗaya. Jerinsu a kan igiya shi ne littafinsa. Na farko na ɗakin da ke kusa da masallacin unguwarmu ne, na biyu na wanda ke bi masa, haka har ya zagaye gari ya dawo, da ƙulli tsakanin unguwa da unguwa. Yadda ƙafarsa ke bi, haka makullan ke bi. Da aka yanke igiyar, sai ya zama makulli arba'in da wani abu kwance a ƙwarya, ba wanda ya san na wane ne wanne. A cikinsu akwai na ɗakin yayana, wanda ya tafi ci-rani shekara ashirin da shida da suka wuce bai dawo ba.

A garinmu ba a ɓalle kwaɗon mai rai. In mutum ya tafi ya kulle ɗakinsa, ko shekara nawa ya yi, ɗakin nasa ne. Ranar da aka sa gatari a ƙofarsa, ranar ce danginsa suka yarda ya mutu. Inna ba ta yarda ba, kuma muddin makullin na ƙugun yayanta, ba wanda ya isa ya sa ta yarda.

Yadda abin ya soma, ciwon kurkunu ne ya sandarar wa Kawu ƙafa tun yana saurayi. Sa'o'insa suna gama girbi su ɗaure kaya su yi kudu, shi yana gindin bedi yana tufka. Samarinmu kuwa ba sa bar wa 'yan gidansu makulli, don sun san kafin su dawo ƙanne sun cinye takalmi, an ari rediyo, katifa ta koma ɗakin baƙi. Wani abokinsa ya fara ba shi ajiya, shekara ta zagayo suka zama uku, daga nan abin ya zama kamar sarauta. Ba ya neman lada. In ka kawo masa tsaraba ya karɓa, in ba ka kawo ba ya tambaye ka lafiyar hanya. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya faɗe ta ga masu gari da talakawa da murya iri ɗaya: hannun da ya ba shi makulli, shi zai mayar wa.

Ba ajiyar ce ta sa ake masa kallon mai taɓin hankali ba, zagayen ne. Kowace Juma'a da hantsi yakan bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya da tsintsiya a hammata. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama da ƙarfi, ya jira kamar yadda ake jiran mai gida ya sa riga. Sannan ya buɗe, ya share, ya duba gara da ɓera, yana ba ɗakin labari: wance ta haihu, rijiyar kasuwa ta ja baya, wane ya sayar da jakinsa. Ya ce ɗakin da ba a yi wa sallama wasu ne ke tarewa a ciki, kuma in sun tare ba sa tashi. Akwai gidan da ya rushe tun ina yaro, ƙyaure kawai ya rage a tsaye da kwaɗonsa, bayansa fili ne awaki na kiwo. Nan ma sai ya yi sallama ya buɗe, alhali yana iya zagayawa ta gefe.

Da la'asar sukan haɗu a gindin bedinsa, shi da direba da soja. Ni ina ganin duk garin nan ba majalisar da ta kai ta daɗi, ko da yake ba mai sauraron wani. Direba yana kiran lodin motocin da suka ruɓe tun tuni, Kance saura mutum ɗaya, Damagaram a matsa a gyara. Soja yana gyara wa kowa zama, yana faɗin yadda ake tafiya a inda ake da tsari. Hajiya ba ta zama, amma sai ta tsaya daga nesa da mayafi a baki ta sanar da su miyar gidan da ta yi tsami a sunan jiya. Gardamarsu ta kullum ita ce ko ɗakunan Kawu na amsa sallama. Soja ya ce shirme ne. Direba ya ce ya taɓa raka shi, kuma ya ji. Kawu dai ya ci gaba da tufkarsa, in sun matsa masa ya ce shi bai taɓa shiga ɗakin mutum ba izini ba.

Yayana ya tafi ina kwaleji a Damagaram. Ɗakinsa na jikin zaurenmu, ƙofarsa na kallon hanya. Kafin ya tafi ya rataye zangarniyar gero bakwai a azara, irin da mahaifinmu ya gada wurin nasa mahaifin ya ba shi a matsayinsa na ɗan fari, wani gero gajere mai saurin nuna da yanzu ba ka samunsa a kasuwa. Ya kulle, ya kai wa Kawu makulli, ya ce da ruwan farko yana nan. Kaset ɗaya ya aiko daga Ikko, yana gaida kowa da suna, ana jin hayaniyar motoci a bayansa. Daga nan shiru. An je nema sau biyu. Wani ya ce ya gan shi a bakin ruwa yana dako, wani ya ce a'a, ya haura wata ƙasa. Mahaifinmu ya rasu yana tambaya.

Da ruwan farko ya sauka a waccan shekarar yayana bai dawo ba, Kawu ya yi sallama ya buɗe ɗakin, ya sauke zangarniyar, ya shuka layi uku a gefen gonarsa. Da kaka ya zaɓi bakwai masu kyau ya mayar kan azara, sauran ya kawo wa Inna. Ya ce iri in ya kwana biyu bai ga ƙasa ba mutuwa yake yi, kuma ba zai so yaro ya dawo ya tarar da ƙaiƙayi ba. Haka ya yi ta yi duk shekara. Inna takan dama fura da geron ta raba wa maƙwabta, amma kada ka kuskura ka ce sadaka. Wata baƙuwa ta taɓa karɓa ta ce Allah ya kai ladan kabari, Inna ta karɓe ƙwaryarta. Furar ɗanta ce, in ji ta, yana gaida mutane.

Ni da Kawu mun yi faɗa sau ɗaya, kuma ni ne marar gaskiya, ko da yake na daɗe ban yarda ba. Lokacin na fara koyarwa, aure ya taso, gidanmu ba wurin sa amarya. Ga ɗaki lafiyayye a kulle shekara goma sha ɗaya ana share wa iska. Na bi Kawu da lalama ya ƙi. Na turo manya ya ƙi. Wata Juma'a na ari guduma na tsaya a bakin ƙofar, sai ga ƙarar makullai ta shawo kwana.

Ya dube ni ya dubi gudumar, ya kira ni yadda ake kiran malaman lekol a wajenmu, ya ce, "Mushe, yau kuma makarantar maƙera aka koma?"

Na ce ya ba ni makulli ko in fasa. Ya ce hannun da ya ba shi bai zo ba tukuna. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce, "Kawu, matacce ba ya da hannun karɓar makulli."

Ashe Inna na cikin zaure. Ban gan ta ba, ƙarar takalminta kawai na ji tana komawa ciki a hankali. Wata guda ba ta dubi fuskata ba, abinci ma sai dai a aiko mini.

Kawu ya wuce ni. Ya matsa gaban ƙofar ya yi sallama, ya jira. Ya lalubo makullin ba tare da ya duba ba, ya kama kwaɗon ya ja shi ƙasa kamar mai tatsar akuya, sannan ya murɗa. Ya shiga ya bar ni a tsaye da guduma. Ina ji yana shara yana cewa, "Ƙanenka zai yi aure. Ya girma, har guduma yake ɗauka." Sai ya yi shiru irin na mai sauraro. Ni mutum ne da ke koya wa yara cewa ƙasa ce ke zagaya rana, amma ranar tsikar jikina ta tashi, na ajiye gudumar na bar wurin.

Bayan kwana uku na tashi na tarar da shi a bayan gidanmu yana kwaɓa ƙasa da ƙafarsa mai lafiya, ɗayar yana jan ta. Shi ya buga tubalin ɗakin da na yi aure a ciki, shi ya nemo azara daga wajen Kance a kan amalanke. Bai taɓa tada maganar gudumar ba har ya mutu. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Akwai abin da na riƙe a raina game da shi, kuma tun da na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗa. Wata shekara wani dattijo ya sauka a tasha da jaka ɗaya, furfura fal, ba wanda ya gane shi. Ya zo ya tsaya kusa da bedi ya yi tari. Kawu bai ɗaga kai daga tufka ba, ya bi igiya da yatsa, ya ciro makulli ya miƙa masa, ya ce, "Ka daɗe." Shekararsa goma sha tara da tafiya. Gari ya ɗauka, kowa na yabon Kawu. Ni kuwa na ga fuskar Inna ranar, na san an ƙara mana wasu shekarun na jira. Tun daga nan ba motar da za ta tsaya a ƙofar gida ba ta gyara ɗankwali ba. Na sha cewa a raina alherin Kawu ne ya hana ciwon Inna warkewa. Har yau ban san ko na yi masa adalci ba.

Bayan sadakar uku muka ɗauki ƙwaryar, ni da 'yarsa ta fari, wadda take abokiyar wasana. Ko a cikin makoki ba ta fasa tsokana ba. Ta ce ɗan mace ne ya kamata ya yi dako, ta ɗora mini ƙwaryar a ka a gaban mutane. Muka bi hanyar da yake bi, daga masallaci. A kowace ƙofa sai mu zube makullai a kan zane mu yi ta gwadawa, soja na tsaye yana ba da umarni, direba na cewa shi daga ƙara zai gane wanda ya dace. A ƙofar farko na kai hannu kai tsaye, sai ta buge mini hannu ta ce wai haka na ga ubanta yana yi? Dole na yi sallama. Muryata ta fito wata iri, kamar ba tawa ba.

Kwana huɗu muna yi. Duk makullin da ya buɗe, sai mu ɗaura masa tsumma mu rubuta sunan mai shi. Wasu masu ɗakunan ma sun fara dawowa, don hadari ya soma leƙowa daga gabas. Har ƙyauren nan da ke tsaye shi kaɗai mun samo nasa, muka buɗe muka ga awaki. Na bar ƙofar yayana a ƙarshe da gangan, don in makullai sun ragu abin ya zo da sauƙi. Ranar sadakar bakwai saura makulli ɗaya a ƙwarya, ɗan ƙarami, kansa ya sha hannu har ya yi santsi.

Inna ta fito zaure ta tsaya. Na yi sallama, na zura makullin. Ya shiga har ƙarshe, amma ya ƙi juyawa. Na murɗa dama, na murɗa hagu. Aka kawo man gyaɗa, direba ya ce kananzir, aka zuba. Soja ya karɓa ya gwada da ƙarfi har 'yar Kawu ta ƙwace don kada ya karya. Hajiya ta ce ita dama ta san ba shi ba ne, na wata ƙofar ce da ƙasa ta cinye, na gaskiyar ya faɗi wurin wanka ko an share shi da shara. Muka tankaɗe ƙasar ɗakin Kawu da rariya, ba mu samu komai ba. Soja ya kawo shawarar a cire ƙyauren gaba ɗaya daga jikin bango, kwaɗo bai san an yi ba. Inna ta ce ita ba za ta yi wa Allah wayo ba, shiga ɗakin mutum ba da makullinsa ba duk sunansa ɗaya.

Kowace safiya kafin in tafi lekol sai na gwada makullin nan. Kowace safiya Inna na zaure tana kallo. Ta san abin da na sani: zangarniya bakwai na rataye a ciki, Kawu bai kai ga sauke su ba. In ruwan shuka ya sauka ba a buɗe ba, irin da aka raya shekara ashirin da shida zai wuce shekararsa, ga kuma rufin da Kawu ke yaɓewa duk bazara bana ba a taɓa shi ba. In kuma an fasa, ta san abin da aka faɗa wa gari. Ta daina cin abincin kirki. Da hadari ya yi gunji sai in ga ta dubi sama, ta dubi ƙofar.

Ruwan ya sauka ranar kwana na goma sha biyu, da la'asar, irin wanda ke cika kwalbatoci ya kwashe shara. Washegari tun da sassafe gari ya watse gona, kowa da sungumi a kafaɗa. Na fito da jakata sai na ga Inna a bakin ƙofar yayana, ta yi wanka ta sa zanenta na zuwa unguwa, gatarin faskare a hannunta. Ta miƙo mini ta ce, "Ungo. Ai ka daɗe kana so."

Ba da gori ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Na karɓi gatarin na ɗaga, hannuna ya ƙi sauka. Ni da na zo da guduma da ƙuruciyata, yau ga izini an ba ni na kasa. Na ce mata mu ƙara kwana ɗaya, wataƙila makullin ya fito. Ta ce ƙasa ba za ta jira mu ba, zuwa jibi ta bushe. Ta karɓe gatarin.

Ta yi sallama irin ta yayanta, da ƙarfi. Ta jira, ta daɗe tana jira, fiye da yadda Kawu ke yi. Ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga indararo. Sannan ta sari ƙyauren daidai inda ƙarfen kwaɗon ya kama. Mace ce da ta haura saba'in, amma katakon ya riga ya ruɓe, a sara na uku ƙarfen ya fita da kwaɗon a jikinsa, yana kulle, ya faɗi cikin taɓo.

Ɗakin a share yake, har sawun tsintsiyar Kawu na Juma'arsa ta ƙarshe na nan a ƙasa. Katifa a naɗe, rediyo an rufe shi da tsumma, takalmin fata a gefe ya sha mai yana ƙyalli. Ruwan jiya ya tsattsafo ta kusurwa, saura kaɗan ya kai ga zangarniyar. Inna ta sa na sauke mata su, ta rungume a ƙirji. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ce, "Allah ya jiƙanka, ɗana." Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta a kansa ba. Da muka fito ta ce in je in gaya wa liman, sadakar arba'in ta mutum biyu ce.

Ranar ban je lekol ba. Muka sussuke geron, muka tafi gonar Kawu ni da ita da 'yarsa. Ina sara, Inna na zuba iri tana rufewa da diddige, layi uku, a inda ya saba.

An yi arba'in, gari ya cika gidanmu. Mutanen da suka yi wasa da yayana suka zo da furfurarsu suna yi wa Inna gaisuwar da ta makara shekara ashirin da shida. Ta dama fura da ɗan geron da ya rage na bara, ta ce da bakinta sadaka ce. Hajiya ta sha, ta ce ba laifi. Inna ta ba direba takalmin, ta ba soja rediyon. Abin da ban zata ba shi ne ta samu sauƙi. Ta koma cin abinci, ta yi 'yar ƙiba, mota na tsayawa a ƙofar gida ba ta ko juyawa. Da za a watse, 'yar Kawu ta kawo mini ƙwaryar da makullin nan guda a ciki, ta ce ɗan mace ga gadonka, kada ka ce an cuce ka.

Kwaɗon na tsince shi daga taɓo tun ranar, na ajiye a kan teburina ban san dalili ba. Wata la'asar, gero ya kai gwiwa, ina gyaran takardun yara na gaji, na ɗauke shi ina juyawa. Na zura makullin don wasa. Ina tunanin ranar gudumar ne, yadda Kawu ya tsaya, yadda ya kama kwaɗon. Sai hannuna ya ja shi ƙasa, na murɗa. Ya buɗe ba ko gardama, ƙarfen ƙofar ya zame ya faɗi ƙasa.

Makullin ne tun farko. Duk safiyar da na gwada, shi ne a hannuna. Kuma a duk waɗanda suka tsaya a bakin ƙofar nan, ni kaɗai na taɓa tsayawa kusa na ga yadda ake buɗe ta, ranar da fushi ya hana ni lura.

Inna na tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗaga murya ta ce me ya faɗi. Na ce ba komai. Na mayar da ƙarfen na danna kwaɗon ya kulle.

Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba, ita da ba ta karatun boko. Ta yi jana'izar ɗanta a zuciyarta ta huta, ba ni da ikon tono shi. Amma abin da ta sauke ni ya hau. Yanzu ni ne in mota ta tsaya nake leƙawa. Ranar Juma'a da hantsi nakan sami kaina a bakin ɗakin da ba kwaɗo, in yi sallama ƙasa-ƙasa don kada a ji, kuma in jira.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa amanar da ya riƙe wa mutane ta tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ya buɗe masa ƙofar da ba ta buƙatar dabara. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa yayana ma, a cikin matattu ko a cikin masu rai, Allah ya san inda zai kai ta.

Geron ya yi kyau bana. Na zaɓi zangarniya bakwai na rataye. 'Yar Kawu ta ga igiyar fata a wuyana ta tambaye ni makullin me nake yawo da shi, tun da ƙofar a buɗe take. Na ce mata hannun da ya bayar bai zo ba tukuna.